Bindiga ta Goma a Filin Majid

Bindiga goma ce a kan teburina a azumin shekarar da mutane suka yi ta barin ƙasar. Dukkansu na Majid ne, mai filin wasa a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, da ke bayan iyakar Harami, ta hanyar Jidda. Tara na san zan iya rufe su. Ɗaya ba ta gyaruwa sai an samo mata wani ƙarfe, ƙarfen kuma babu shi a kasuwa. Majid ya riga ya yi wa wasu ma'aikata alkawarin wasa, mutum biyar da mutum biyar, ranar biyu ga Sallah. Da bindiga tara ba a yin biyar da biyar. In ban kai masa goma ba zai kwashe aikinsa ya kai Jidda, shi kaɗai kuma ya rage mini cikin masu kawo aiki da yawa. In ya tafi, sai in naɗe teburin gyara in koma sayar da tocila da motocin yara kaɗai.

Ina rubuta wannan ne saboda ku 'ya'yan ƙannena da kuke zuwa shago kuna nuna mini bidiyo a waya. Kun ga wani ya warware bindiga ya haɗa ta kafin shayi ya huce, kun ce sana'ar Kawu Sule ba wuya. To shi wancan, kayan da yake bukata duk suna gabansa, garinsu kuma akwai sanyi.

Ga wanda bai san su ba, waɗannan bindigogin wasa ne. 'Yan ƙwayoyin roba suke harbawa, waɗanda a nan ake kira haraz. Ana ɗura gas a cikin mahzan, wato gidan da ƙwayoyin suke. In ka ja kunama, wata 'yar guduma ta bugi bawul, gas ya fito ya tura ƙwaya gaba, ya kuma tura sakata baya, sifirin ya dawo da ita ta ɗauko wata ƙwayar. Wannan kai da komo na sakata shi ne yake sa bindigar ta girgiza a kafaɗa, shi ne kuma abin da samari suke biyan kuɗi su ji. Majid yana da takardar izinin filinsa, kowa kuma sai ya rufe fuska kafin ya shiga.

Ni ba a kan bindiga na koyi aiki ba. A wurin Baba Ɗan'azumi na koya, mai gyaran murhun gas a unguwar Mansur, nan Makka. Aikin farko da ya ba ni shi ne neman inda wani murhu yake yoyo. Na shinshina, na kara kunne, na ce masa babu. Ya miƙo mini gwangwani da ruwan sabulu da tsohon buroshi, ya ce, "Hancinka na shaƙar tsire ne. Shafa." Na shafa, kumfa ya taso a gindin wani noti. Har yau da ruwan sabulu nake duba kowane mahzan. A wurinsa kuma na ɗauki shimfiɗa tsohon tawul ɗin ihrami a kan teburi. Fari ne, komai ƙanƙantar kusa za ka gan ta, gashinsa kuma yana riƙe sifirin kada ya gangara. Yakan jera abin da ya cire daga dama zuwa hagu. In zai mayar, sai ya faro daga hagu. In kusa ɗaya ta rage a kan tawul bayan ka rufe, ba ya faɗa. Zai miƙo maka sukundireba ne kawai, ka sake buɗewa.

Bindigar farko da ta zo hannuna, wani tela ne ya kawo ta, ta ɗansa. Tana ta huci kamar tayar da ƙusa ta huda. Da na buɗe sai na ga duk zoben robar da ke ciki sun kumbura sun yi laushi. Na tambaye shi me ya zuba mata. Ya ce man keken ɗinki, ai shi ne mai kyau. Rabin gidajen Mansur akwai keken ɗinki, saboda haka rabin bindigogin da na gyara a shekarun farko wannan ne ciwonsu. Wancan man yana cin roba. Man silikon kaɗai ake sa wa zobe, shi ma ɗigo. Da na ga zoben sun yi kama da na murhu, sai na auna na samo daidai su. Daga wannan aiki na fahimci cewa akwai kasuwa a nan wadda babu mai tsaye a kanta, na buɗe teburi a bayan shagon kayan wasa.

Wani saurayi daga unguwar Ka'akiyya ya taɓa kawo tasa ya ce in ƙara mata ƙarfi. Kowa abin da yake faɗa ke nan. Na ce ƙarfin me? Ya ce tattabaru sun dame su a soro. Na ce masa ya je ya tambayi kowane ɗalibin ilimi abin da ke kan wanda ya kashe tattabarar Harami, in ya samu kuɗin akuyar fansa ya dawo. Bai dawo ba. Amma ko don wasa ne, a garin nan ƙara ƙarfi kuskure ne. Gas yana ƙaruwa da zafi. Kayan da ake sayarwa na ƙarin ƙarfi an yi su ne don ƙasashen da gas yake kwanciya saboda sanyi. A nan rana ta riga ta yi maka wannan aikin kyauta, har ta wuce gona da iri. Inganta bindiga a Makka shi ne ka sa mata abin da zai jure duka, ka kuma rage mata numfashi.

Aikin da Majid ya kawo mini ke nan a farkon azumi. Haifaffen unguwar Zahir ne, Hausarsa rabi Larabci. Muka yi magana a kan abu uku: a cire guduma da maƙalarta na asali, waɗanda aka yi da ƙarfe mai gautsi, a sa na baƙin ƙarfe, a canza robar da ke murza ƙwaya a gindin bututu, a sa wa hancin sakata bawul mai rage gas. Kayan duk na riga na yi odarsu tun kafin azumi, saiti goma. Na buɗe tara lafiya. Da na buɗe ta goma, na zare fil biyun da ke riƙe akwatin kunama, sai akwatin ya rabu biyu a hannuna. Dama a tsage yake, wani ya taɓa liƙe shi da gam. Wannan akwati shi ne gidan da guduma da kunama da sifirinsu suke zaune. Ba a yi masa walda, narkewa yake. Na buga waya Jidda da Riyad, kowa ya ce an daina kawo irin wannan. Oda daga waje kuma ba za ta iso ba sai bayan Sallah da nisa.

A can saman kanta akwai wani kwali. Bindigar Bashir ce a ciki, iri ɗaya sak da na Majid. Bashir direban wani kamfani ne, shi ma ɗan Zahir. Ya kawo ta ne in canza mata bututu, ya ce zai dawo. A tsakanin nan aka sa wa baƙi kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsu, wato takardarsu ta zama. Bashir yana da mata da 'ya'ya huɗu. Kafin in ankara an ce ya yi fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa, ya kwashi iyalinsa sun koma Kano. Lambarsa ta nan ta mutu. Shekarar ke nan da masu kawo mini aiki suka watse, wasu Kano, wasu Damagaram, wasu Sudan.

Majid ya zo ya ga akwatin a rabe, ya ɗaga kai ya ga kwalin. Ya san na wane ne. Ammi yake ce mini, wato kawu da Larabci.

"Ya Ammi, halas, magana ta ƙare, ga shi nan a sama. Ciro."

"Ba nawa ba ne."

"Bashir ya tafi. Ko ya dawo, da wace biza? Ka ciro, in odarka ta zo ka mayar masa da sabo. Wa zai sani?"

"Kai za ka sani. Kai kuma bakinka ba ya riƙe ko ruwan alwala."

Ya yi dariya, amma bai sauka ba. "Ni dai goma nake so, Ammi. Mai gyaran Jidda ya ce zai ba ni aron ɗaya in na mayar da aikin gaba ɗaya wurinsa."

"Ba ni zuwa daren Sallah."

Kada ku ɗauka tsoron Allah ne kaɗai, ko da yake yana ciki. A Makka ko tsintuwa ba a mallaka, balle ajiya. Amma akwai lissafin kasuwa. A Mansur kowa yana barin kaya a hannun wani, domin kowa yana iya tashi da safe ya ga tafiya ta kama shi. Ranar da aka ji Sule ya buɗe kwalin wanda ba ya nan, babu mai sake barin bindigarsa ta kwana a shagona, gyara kuma ba ya yiwuwa a tsaye.

Wanda zai nemo mutum a Kano daga Mansur ba ofis yake zuwa ba. Wurin Hajiya Dije yake zuwa, 'yar Kano-Jidda da ke kawo kuka da daddawa ta koma da dabino da abaya. Na same ta bayan la'asar tana ƙulla yaji a leda.

"Hajiya, ina neman Bashir direba, na Zahir."

"Wane Bashir? Mai haƙorin Makka ko mijin Rabi?"

"Mijin Rabi."

"Bashi kake binsa? In bashi ne ban san shi ba."

"Shi yake bina. Kayansa ne a hannuna."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Sule, tun da nake ban taɓa ganin wanda yake neman mai kaya da azumi a bakinsa ba. Sayi yaji tukuna."

Na sayi yajin da ba na bukata. Bayan kwana biyu ta aiko mini da lambar yayar Rabi, daga can na samu ta Bashir.

Da na kira, a cikin hayaniyar titi ya ɗauka. Ya ce a-daidaita-sahu yake ja yanzu. Muka gaisa, ya tambayi Harami, ya tambayi zafi, ya tambayi ko mai ful ɗin kwanarmu, dafaffen waken nan, yana nan. Na gaya masa abin da nake so ba tare da kwana ba. Na ce ya faɗi kuɗin bindigar in ba Hajiya Dije ta kai masa.

Sai ya ce, "Yaya Sule, yau nawa ga wata a wurinku?"

Na gaya masa. Mun shiga goman ƙarshe.

"Ka san Baba ya rasu tun muna Makka. Na ce zan yi masa umara. Kullum sai in ce ai ga Harami nan, gobe ma rana ce. Ina kai mutane Tan'im su ɗauki niyya, ina jiransu a mota ina danna waya. Har aka buga mini fita ban yi ba."

Wannan ciwon mazauna Makka ne. Wanda ya taso daga nesa yakan yi umara uku a mako guda. Mu da muke jin kiran sallar Harami daga soro, sai shekara ta zagayo ba mu sa ihrami ba.

Na ce, "Bashir, umara zan yi wa Baba ko babu bindiga. Faɗi kuɗinka daban."

"A'a. Kada mu haɗa su. Bindiga kyauta na ba ka. Umara kuma kyauta za ka yi wa Baba. Amma ta azumi nake so, ba ta bayan Sallah ba."

"Ka san yadda cikin Harami yake a goman ƙarshe?"

"Na sani mana. Shi ya sa na ce kai."

Kyauta biyu da suka haɗu a rana ɗaya, a kasuwa muna da sunan da muke kiransu: ciniki. Ban faɗa masa ba. Na tambayi cikakken sunan mahaifinsa, ya ce Malam Isiyaku. Na ce ba zan taɓa kwalin ba sai na gama. Ya ce wannan tsakanina da kwali ne.

Tawul ɗin ihramin da nake da shi duk suna kan teburi, sun sha mai. Sai da na sayi sabo. Washegari bayan asuba na hau mota zuwa Tan'im, domin ɗan Makka sai ya fita iyaka yake ɗaukar niyya. Na yi niyya a madadin Malam Isiyaku na dawo Harami. Ƙasa babu masaka tsinke, aka tura mu hawa na sama, inda zagaye ɗaya ya kai uku na ƙasa. Na gama ɗawafi da sa'ayi rana ta take. Na zauna gaban wanzami ya kwashe gashin tas. Na ɗauki hoton kaina na tura wa Bashir. Ya amsa da murya, ana jin hon a bayansa, ya ce Allah ya karɓa, ya kuma ce ashe ƙeyata haka take. Ranar ban iya riƙe sukundireba ba. Kwana biyu suka tafi a neman lamba, ɗaya a umara, ɗaya a jinyar ƙafa.

Sannan na sauko da kwalin. Akwatin kunamar Bashir lafiyarsa lau. Yanzu ku saurari abin da bidiyo yake tsallakewa. Baƙin ƙarfen da aka sayo ba ya shiga gidan asali kai tsaye. Kullum yakan fi shi da kaurin gashi. In ka tilasta shi, ka tsaga gidan, wataƙila ma haka aka tsaga na farko. Sai ka sa magagari mai laushi ka shafa gefen gudumar sau biyu ko uku, ka gwada, ka sake. Ba a taɓa bakin maƙala, wurin da take riƙe guduma. In ka ci wannan wurin, bindiga za ta riƙa tashi da kanta, a filin da mutane suke cire abin rufe fuska su sha ruwa. Sifirin guduma yana da ƙafa biyu, doguwa da gajeriya. In ka juya su zai shiga, zai ma yi ƙara kamar daidai ne, amma ba zai buɗe bawul ba. Ina haɗa wannan sashe ne a cikin farar leda, hannuwana biyu a ciki, domin in sifirin ya yi tsalle ya tsaya a leda. Na taɓa neman ɗaya a cikin kwalin motocin yara yini guda.

Bayan akwati sai bututu. Robar da ke murza ƙwaya tana da ɗan tudu a ciki, dole ya zauna a sama daidai. In ya karkata kaɗan, ƙwaya za ta riƙa lanƙwasa gefe. Wannan roba ba ta son mai ko kaɗan, sai ka wanke hannu kafin ka taɓa ta. Daga nan hancin sakata da sabon bawul, ɗigon silikon a zobe, maiko kaɗan a inda ƙarfe yake gogar ƙarfe. Ka mayar da sakata, ka ja ta da hannu kana saurare. In ta yi ƙarar yashi, buɗe. In ta tafi sumul ta dawo, sa fil, ka duba tawul. Babu abin da ya rage a kai.

Gwaji ba a shago nake yi ba. Bindigar da aka gwada a cikin sanyin na'ura ƙarya take yi maka. Soro nake hawa da azahar, in bar mahzan ya ɗan sha zafi kamar yadda zai sha a filin Majid, sannan in harba. Ina da dogon kwalin firiji da na cusa wa tsohuwar darduma a ƙarshe, a cikinsa nake harbi, saboda soron Mansur ba ya rabuwa da tattabaru, ni ma kuma ba ni da akuyar bayarwa. Goman nan na gwada su ɗaya bayan ɗaya da azumi. Biyu suka yi ƙarfi da yawa, na sauka na ƙara matse bawul na sake hawa. Ta goma ta fi sauran natsuwa.

Majid ya zo ɗauka ranar jajibiri. Ya ƙirga da yatsa har goma, sannan ya dubi kaina.

"Ammi, wannan askin na Sallah ne?"

"Kuɗin akwatin kunamarka ne."

Na ba shi labari a taƙaice. Ya ce wallahi da ya sani da shi ya je. Na ce ai Malam Isiyaku yana da mata, ita ma ta rasu, Tan'im kuma tana nan inda take. Ya ɗauki bindigoginsa ya ce ana jiransa.

Kamar yadda na faɗa masa, bakinsa ba ya riƙe komai. Kafin a gama yawon Sallah labarin ya zaga Mansur da Zahir. Tafiyar mutane kuma ba ta tsaya ba. Duk wanda aka buga wa fita, ba zai iya shiga filin jirgi da abu mai siffar bindiga ba, masu saye kuma sun yi ƙaranci. Sai ya ɗauko ya kawo wa Sule, wanda ba ya buɗe kwali. Wasu ma ba bindiga ba ce. Akwai mai keken ɗinki, akwai mai tukwane.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Aikin Majid ya zauna a hannuna har ranar da ya rufe filin ya koma sayar da motoci, shi ne kuma ya riƙe teburin gyara a lokacin da babu kowa. Ragowar bindigar Bashir na warware ta, ta rufa wa wasu bindigogi huɗu asiri. Wannan riba ce. Hasara kuwa, kantoci uku cikin biyar na shagona yanzu kwalayen mutane ne, ba na sayarwa, ba na karɓar haya. Mahzan in ya daɗe babu gas a ciki zobensa bushewa yake, saboda haka duk bayan 'yan watanni sai in sauko da kwalayen, in ɗura wa kowanne gas kaɗan daga aljihuna, in shafa ruwan sabulu, in mayar. Mutum biyu kawai suka taɓa aikowa a karɓi nasu. Wanda yake son gadon sana'ar nan a cikinku, da kwalayen zai gada.